Wai ko ganga ce mu kawo

Ba ni da al'adar zuwa intanet in yi dogon rubutu, balle a kan makarantar yara. Amma wannan abin ya yi wata guda yana cin raina, maigidana ya gaji da ji, shi ya sa na ce bari in juye muku ko na samu in yi barci.

A nan Ingila akwai ranar da suka ware wa waƙa, Alhamis ta farko a watan Oktoba, kuma tun 1994 suke yin ta. Makarantar 'yata a nan Manchesta ba ta wasa da ranar. Tun da sauran mako biyu aka saka wa kowane yaro takarda a jaka, cewa duk wanda ake wani harshe a gidansu ban da Turanci ya zo da waƙa ɗaya ta harshen, a karanta a aji. Ni ban ga takardar ba, yarinyar ta cusa ta ƙarƙashin gorar ruwanta ta jiƙe ta narke. Sai ranar Talata da na je ɗaukar ta, malamarsu ta tare ni a bakin ƙofa da fara'arta, irin fara'ar nan tasu da ba ka sanin ta kai ciki ko a leɓe ta tsaya. Ta ce ta ji daga bakin yarinyar cewa mu ba mu da waƙar da ake rubutawa, sai wadda ake rerawa, kuma wai kada in damu, hakan ma abin sha'awa ne, al'adar baka ai dukiya ce. Sannan ta ce in muna da ganga a gida, ko ita ce mu kawo, yara za su ji daɗi.

Ina tsaye da lema a hannu, ruwa na tsiyaya ta bayan hijabina, na ce mata na gode. Wallahi iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan. Ni da na tashi a cikin birnin Zariya, garin da Aliyu Namangi ya zauna, makahon da ya tsara waƙoƙin Imfiraji da ka har jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ni ce aka ce in kawo ganga, na kuma ce na gode.

Sai da muka shiga bas na juya na ce, "Ke, wa ya ce miki ba mu da waƙa?" Ta amsa da Turanci kamar yadda ta saba, ta ce, "Mama, ai ke kika ce kalmar ɗaya ce." Kuma gaskiyarta. Turanci yana da kalma biyu, ɗaya ta abin da ake rerawa da kiɗa, ɗaya ta abin da ake rubutawa a karanta da ido ko a bayyane. Ta taɓa tambaya ta yadda ake faɗin kowacce da Hausa, ina tsakiyar suyar albasa, na ce mata waƙa, ta ce ɗayar fa, na ce ita ma waƙa. Yarinya mai shekara tara ta yi lissafinta: in suna ɗaya ne, to abu ɗaya ne, kuma tunda duk waƙar Hausar da ta taɓa ji a mota take jin ta da kiɗa, to ɗayar ce babu. Ban iya yi mata faɗa ba. Amma ban huce ba.

Washegari na nemi ganin malamar bayan an tashi, ƙarfe uku da kwata. Na tafi da niyyar in gyara mata zama. Ita kuma, maimakon gardama, sai ta ja ni cikin ajin ta ce in zo in ga abin da suke yi tun da aka dawo hutu a farkon Satumba. Bari in kwatanta muku, don wanda bai gani ba zai ce ƙari nake yi.

Yara 30 ne a ajin, da malama da mataimakiyarta. Babu benci a jere suna kallon allo, tebura ne aka harhaɗa, yara shida-shida suna fuskantar juna, kowane tebur da sunan tsuntsu. A kusurwa an shimfiɗa darduma mai kauri da 'yan matasai, nan suke zama a ƙasa idan za a karanta musu wani abu. Wannan ya ba ni dariya a zuci, mu da aka yi ta gaya mana zaman tabarma a makarantar allo ci baya ne. Ɗakin yana ɗan warin rigunan sanyi jiƙaƙƙu da aka rataye kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki. Daga wannan bango zuwa wancan an ɗaura igiya kamar ta shanya, an maƙale takardun yaran da 'yan maƙalan wanki, kowace takarda waƙa ce da sunan mai ita a ƙasa, har da wadda rubutunta kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Ba a cire ta kowa ba.

Kowane mako da irin waƙar da suke ɗauka. Na farko haiku, ta mutanen Japan: layi uku, na farko gaɓa 5, na biyu 7, na uku 5. Malamar ta ce ta fitar da su filin makaranta, kowa ya tsinto ganye ɗaya cikin waɗanda suka fara zuba, aka dawo aka zauna kowa yana kallon ganyensa minti biyar ba magana, sannan aka ce a rubuta. Yadda suke ƙirga gaɓa ma abin kallo ne. Yaro zai sa bayan hannunsa ƙarƙashin haɓarsa ya faɗi kalmar a hankali, duk saukar haɓa gaɓa ɗaya ke nan. Mako na biyu limerik, mai layi biyar, na ɗaya da na biyu da na biyar amsa-amonsu ɗaya, na uku da na huɗu gajeru da nasu daban, kuma dole ta zama shirme mai ban dariya, in ba ta ba da dariya ba ba ta yi ba. Sai wadda ake rubuta suna daga sama zuwa ƙasa, kowane harafi ya buɗe layi. Sai wadda ake zana ta da kalmomi cikin siffar abin da take magana a kai, waƙar maciji ta nannaɗe a takarda, ta ruwan sama ta zubo layi-layi. Sonet mai layi 14, in ji ta, sai sun ƙara girma. Kuma wannan duka yana cikin manhajar ƙasa da aka fara aiki da ita a 2014, wadda ta ce yaro ɗan shekara bakwai zuwa tara ya san cewa waƙa iri-iri ce, ya kuma iya bambanta wasu.

Tsakani da Allah gwiwata ta yi sanyi. Na zo da faɗa, na tarar da abin da ban taɓa samu ba a duk shekarun da na yi a makaranta. Yaro ya ɗauki tsarin waƙa kamar abin wasa, ya juya shi, ya ɓata, ya sake, ba mai cewa wane ne kai.

To sai ta kai ni ƙarshen igiyar, aikin wannan makon. Ta ce wannan sunanta kenin, daga tsoffin waƙoƙin mutanen arewacin Turai aka samo ta, fiye da shekara dubu da suka wuce. Ba a kiran abu da sunansa, sai a haɗa kalma biyu a lulluɓe shi. Jini su ce gumin yaƙi, rana su ce kyandirin sama. Yaran sun yi wa dabbobi, a karanta a aji, sauran su canki wace dabba ce. Ta ciro ta 'yata, ta kyanwa: mai lasar tafi, ɓarauniyar madara, mai barcin rana. Ta sa mata tauraro na zinari a gefe.

Na ce, "Malama, wannan ai kirari ne."

Ba ta gane ba, ni kuma Turancina ya gudu don haushi. Ta yaya zan fassara mata gagara-badau? Ko fasa-taro, ko raba-gardama? Mu da ko abinci muka dafa sai mun yi masa irin wannan sunan, dafa-duka. Dila ba ma kiran sa dila kawai, malamin daji ne. Gari ma da nasa. Maigidana Bakano ne, kuma duk da mu Zage-zagi ba ma raga musu, ba ranar da zai yi waya da gida ya ajiye bai ce Kano ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka ba. Ɗan dambe kafin ya shiga fili sai ya yi wa kansa, maharbi haka, mahauci haka, tsohuwa tana ganin jikanta ya shigo zaure za ta jero masa biyar ba ta numfasa ba. Abin da su sai sun tono daga littafin shekara dubu sun kakkaɓe masa ƙura sun kawo aji, mu yana yawo a kasuwa da ransa. Kuma 'yata ta cikina ta koye shi daga bakin Baturiya da sunan mutanen ƙanƙara, ta samu tauraro, ba ta san na gidansu ba ne.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma kafin ku faɗa bari in faɗa da kaina. Laifin ba na malamar ba ne. Ban ma tabbata nawa ne ni kaɗai ba.

Na yi Hausa a makaranta tun daga ƙaramar sakandare har na rubuta ta a WAEC, kuma na ci da kyau. Mun haura 70 a aji. Malam zai shigo ya juya mana baya ya cika allo: waƙa ta kasu kashi biyu, ta baka da rubutacciya. Baiti, ɗango, gwauruwa, ƙwar biyu, ƙwar uku, ƙwar huɗu, ƙwar biyar. Babban amsa-amo, ƙaramin amsa-amo. Jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salon sarrafa harshe. Mu kwafe, mu haddace, ranar jarrabawa a ce kawo bambanci biyar tsakanin waƙar baka da rubutacciya, mu kawo. Har yau in kuka tashe ni tsakar dare zan kawo muku biyar ɗin. Amma ko sau ɗaya ba a taɓa cewa mu ɗauki biro mu yi baiti ɗaya namu ba. Ban tuna ma an taɓa rera mana waƙar da muke nazari ba, alhali don a rera aka yi ta. Ana buga ƙararrawa kuma Hausar ta zama laifi, duk wadda aka ji tana yin ta mai kula da aji za ta rubuta sunanta a ci ta tara. A 1977 takardar manufar ilimi ta Najeriya ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida, ku da ke can kun fi ni sanin inda maganar ta kwana.

Abin takaicin kuwa, kayan wasan da muke da su sun fi na igiyar nan yawa nesa ba kusa ba. Ku ɗauki tahamisi. Wani ya yi waƙa mai ɗango biyu-biyu, wani ya zo daga baya, wataƙila bayan mai ita ya rasu, ya ɗora ɗango uku a kan kowane baiti ya zama biyar, ba tare da ya karya karin ba ko ya kauce wa ma'ana. Tabban Haƙiƙa haka ta iso mana ta hannu uku: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Ku gaya mini akwai aikin aji da ya fi wannan daɗi, a ba yara layi biyu a ce kowane tebur ya ƙara uku? Ko ramzi, inda mawaƙi zai ɓoye shekarar da ya gama waƙarsa cikin haruffan wata kalma a baitin ƙarshe, sai wanda ya san lissafin haruffa ya warware. Yaran da na gani suna sa hannu ƙarƙashin haɓa, in aka ba su wannan sai an kore su gida da sanda. Wadda suke yi ta jera haruffa daga sama zuwa ƙasa, ai Ishiriniya da muke ji duk Maulidi bisa haruffan Larabci aka tsara ta, kowane harafi da nasa babin da yake amsa amo da shi. Mu kuma ba ƙirga gaɓa kawai muke yi ba, auna ta muke yi, wannan mai nauyi wannan sassauƙa, a jera su su ba da kari. Haiku kusa da wannan ai lissafin ɗan aji ɗaya ne.

Wani abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne hadda. Shekara nawa ana gaya mana hadda ita ta kashe mana ilimi, yaro yana maimaita abin da bai gane ba? To manhajar nan tasu ta 2014, wadda aka tsara lokacin Michael Gove yana ministan ilimi, ta ce tun ɗan shekara biyar ya fara haddace waƙa yana karantawa da ka. Su sun dawo da ita da sunan gyara. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, da haddar waƙa ta karantar da matan ƙauye. Jajinta, wato matan da ta naɗa jagorori, su zo wurinta da malfa a ka, su koyi waƙa, su koma su koya wa 'yan taru, matan da yawancinsu ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Ita ce macen da aka ce jikanyar ƙasarta ta kawo ganga.

Ga inda na tsaya, kuma na san zan sha suka. Duk kyan ajin nan, ni a ganina asibiti ne. Mutum ba ya zuwa asibiti sai ya rasa lafiya a gida. Su sun kawo waƙa aji ne saboda babu inda ta rage musu. Ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba duhu ya rufe garin nan, kowane yaro yana bayan ƙofa a kulle da allon waya a hannu. Shekara shida ina kan layin nan ban taɓa jin yara suna waƙa a waje ba, ko sau ɗaya. Dole su sa ta a manhaja, su ba ta minti arba'in ranar Laraba, su ba ta tauraro.

Mu ba wanda ya koya mana, kuma ba ranar da ba mu yi ba. Da asuba kana jin luguden daka daga gidan maƙwabta, taɓarya biyu ko uku a turmi ɗaya, waƙar tana tafiya da saukar taɓarya, wadda ta kuskure kari za a buge mata hannu. Mai niƙa da tata, kuma yawanci habaici ne ga kishiya ko uwar miji, a faɗi abin da ba a isa a faɗa da magana ba. Mai raino da tata. Da hantsi makaho ya tsaya a ƙofar gida da ɗan jagoransa, ya ja baitocin wa'azi masu kari da amsa-amo cif-cif, irin waɗanda daga baya na tarar da su a littafi ana tambayar mu jigonsu. Da azumi ga tashe. Da daddare a ce ƙulunƙulufita, a ce gauta, a ce shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. Sai kuma gaɗa in wata ya fito. Mu tsaya a ɗan zagaye, kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ta ba da waƙa mu amsa da tafi, wata ta fito tsakiya ta juya mana baya ta sake jikinta ta faɗo, mu tare ta mu cilla ta sama ta dira da ƙafa daidai kan kari. Kuma mai bayarwa ba maimaita tsohuwar waƙa kawai take yi ba, tana saka sabon zance nan take, sunan saurayin wance, rowar baban wance, in ya zauna a kari a yi shewa, in bai zauna ba a yi mata dariya ta gyara. To wannan ba shi ne abin da malamar take ƙoƙarin yi da darduma da igiyar shanya ba? Mu mun yi shi ba takarda, ba malama, ƙafa ba takalmi.

Na faɗa wa ƙanwata haka a waya, ita tana Kaduna. Ta bari na gama ta ce, "Yaya, yaushe rabonki da gida? Wane dandalin?" Ta ce 'ya'yanta ba sa fita bayan magariba, ba wanda zai bar 'yarsa a waje yanzu, kuma injin niƙa ba ya buƙatar waƙa. A makarantar kuɗin da take kai su, waƙar baƙar tunkiya da ta gadar Landan suke yi da Turanci suna tafi, ba su san me suke cewa ba. Ta ce gara tawa ma, ko ba komai an ce ta rubuta tata. Na ji ta, kuma ban ce ƙarya take yi ba. Amma ni har yanzu ina ganin wanda kayansa suke ɗaki a kulle ya fi wanda sai ya je aro Japan. Malaman Hausa da ke karanta wannan, don Allah mene ne zai hana ranar Juma'a ɗaya a ajiye allo, a ce kowace yarinya ta je ta tambayo kakarta waƙar gaɗa ɗaya, kowane yaro ya yi wa akuyar gidansu kirari? Ba kuɗin darduma a ciki.

Malamar dai, in ba ta haƙƙinta, ta ba ni haƙuri, ta kuma roƙe ni in zo in yi wa yaran rabin sa'a. Na rasa ranar waƙar kanta saboda aikin dare. 'Yata ta ce ɗan Somaliya ya zo da gabay da kakansa ya koya masa, ya karanta da ka har aka gaji da tafi, wata 'yar Pakistan ta kawo gazal da Urdu a takarda mai ado, ɗan Foland ma ya kawo tasa. Ita ta zauna.

Na je bayan mako biyu. Na ɗauki hoton shafin ajami na nuna musu a babban allo, na ce wannan waƙa ce, da Hausa, an rubuta irinta tun kakannin kakanninku ba su zo duniya ba. Na kalli malamar lokacin da nake faɗa, Allah ya yafe mini. Kirari ya karɓu fiye da yadda na zata. Na ce kowa ya yi wa na kusa da shi, sharaɗin kawai yabo ne ba zagi ba, kuma da ƙarfi ake faɗa a tsaye. Wani ɗan jan gashi ya miƙe ya kira abokinsa mai cinye-abincin-wasu, tsoron masu tsaron gida, ajin ya kece da dariya, abokin yana ta washe baki. Mataimakiyar ma sai da suka yi mata.

Sai na ce bari mu yi amshi. Na zaɓi wata 'yar gajeruwar waƙar gaɗa, na koya musu amshin, kalma uku ne kacal, na ce ni zan bayar su amsa da tafi. Yara 29 suka amsa, da karkataccen harshe, suna jin daɗinsu. Ɗaya ce ta sunkuyar da kai tana wasa da zif ɗin rigarta. Na bayar na biyu, na uku, ina kallon ta. A na huɗu kuma sai waƙar ta ɓace mini. Na san akwai sauran baiti, ina jin karinsa a ƙirjina, har ƙafata tana bugawa, kalmomin ne babu. Na yi dariya na ce nan ta ƙare. Suka tafa.

A hanyar gida ban yi mata maganar ba. Ita ce ta ce, da Turanci, wai tana tsoron kada ta faɗa ba daidai ba in gyara mata a gaban mutane. Kuma da na gyara ɗin, na san kaina. Yarinyar nan ba ta jin bambancin gari da ake zama a ciki da garin da ake tuwo da shi. Kunnenta bai kama ja da gajarta wasali ba, kuma duk karin waƙarmu a kan wannan yake zaune. Zan iya koya mata ƙwar biyar da tahamisi a takarda cikin mako ɗaya, ta ci jarrabawa yadda na ci. Nauyin gaɓa kuwa ba a allo ake samun sa ba, a goye ake samun sa, ni kuma lokacin da take goye ina tsakanin aikin dare da karatun jarrabawar aikin jinya, waƙar da take ji ta talabijin ce.

Da daddare ta kawo mini littafinta ta ce in gwada haiku da Hausa, ta ga ko zai yiwu. Na sa hannu ƙarƙashin haɓa kamar yadda suke yi, tana ta dariya, na rubuta mata:

Ruwa na zuba
Babu ƙamshin ƙasa nan
Sai sanyi kawai

Ta ƙirga da yatsu ta ce daidai ne, biyar, bakwai, biyar. Sannan ta ce mene ne ƙamshin ƙasa, ƙasa tana ƙamshi ne?

Na tura wa Inna saƙon murya a WhatsApp, na rera mata inda na tsaya na ce ta ƙarasa mini. Sai bayan kwana biyu amsa ta zo, don sai ɗan ƙanina ya zo gidan yake danna mata. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Ta rera ta tun daga farko har ƙarshe, baiti tara ashe, ni uku na riƙe. Ana jin zakara a bayanta da ƙarar babur. Da ta gama ta yi tari, ta ce, "To ga ta nan. Amma ke 'yar nan, gaɗa ai ba a yin ta mutum ɗaya. Kishiyar tawa da wa za ta yi a can? In ta faɗo baya wa zai tare ta?" Sai ta shiga tambayar ko na samu mai zuwa in aiko mata da man zafin nan na gwiwa.

Na saurare shi sau huɗu a bas ɗin zuwa aiki. Ban kunna wa yarinyar ba tukuna. Akwai kalma biyu a baiti na bakwai da ni ma ban san ma'anarsu ba, na san za ta tambaya, kuma ina jin kunyar in koma wa Inna da su.